Kundin Karatuna na Ƙirar Jikin Ɗan Adam: Zangon Farko, Maraɗi

7 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin karatun anatomi, wato ilimin ƙirar jikin ɗan Adam, wanda shi ne mafi nauyi a cikin darussan da aka ɗora mana a shekarar farko ta jami'a, tun kafin a bar ɗayanmu ya kusanci gadon majinyaci. Zan riƙa rubuta abin da na karanta, da abin da ya gagare ni, da kuɗin da na kashe, domin ƙannenmu masu shigowa baɗi su sami abin dubawa. Manhajar wannan zango ta ƙunshi ƙasusuwa da gaɓoɓi, sai hannu, sai ƙafa, sai ƙirji. Ciki da wuya da kai an bar su sai zango na biyu.

Abin da na kashe zuwa yau shi ne sefa 2,700 na fotokopin darasin malami, da sefa 1,500 na manyan kaye marasa layi domin zane, da jika ɗaya, wato sefa 1,000, na fensir masu launi. Launi uku ne wajibi: ja ga jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya, shuɗi ga masu mayar da shi, rawaya ga jijiyoyin laka masu kai saƙon ji da motsi, in ban da jijiyoyin huhu inda ja da shuɗi suke musanya wuri. A cikin kundin nan zan riƙa cewa jar jijiya da shuɗiyar jijiya da jijiyar laka. Littafin hotuna kuwa aro na yi daga wata yayarmu ungozoma, domin sabo ya fi ƙarfin gidanmu a wannan wata.

Darasin farko a kan tsayuwar da ake siffanta jiki da ita ne: mutum a tsaye, fuska gaba, hannuwa a sake, tafin hannu yana kallon gaba. Duk abin da za a ce yana sama ko ƙasa, ciki ko waje, da wannan tsayuwa ake auna shi, ko da majinyaci a kwance yake rub-da-ciki. Dama da hagu ma na majinyaci ne, ba na mai duba shi ba.

12 ga Oktoba

Makon nan ya tafi a kan lissafin ƙasusuwa. Baligi yana da 206. Guda 80 su ne ginshiƙin jiki, wato 22 na ƙoƙon kai da fuska, 6 na cikin kunnuwa, 1 a wuya wanda ba ya haɗe da wani ƙashi, 26 na gadon baya, 24 na haƙarƙari, da 1 na tsakiyar ƙirji. Sauran 126 na hannuwa ne da ƙafafu da abin da ya ɗaure su ga jiki. Daga wuyan hannu zuwa yatsu akwai 27, daga idon sawu zuwa yatsu akwai 26, saboda haka tafin hannu biyu da tafin ƙafa biyu sun kwashe 106, fiye da rabin ƙasusuwan jiki duka. Haddar waɗannan alƙaluma ba ta ba ni wahala ba.

19 ga Oktoba

Matsalar farko ta fito daga littafin aro. Tsohon bugu ne, kuma yana amfani da tsofaffin sunaye na Faransanci, alhali malaminmu da sunayen da duniya ta daidaita a kansu yake koyarwa, waɗanda aka tsara a Paris a 1955, aka kuma sabunta su a 1998. Allon kafaɗa littafin yana ce masa omoplat, malami yana cewa skapula. Ƙashin hannu na ɓangaren ƙaramin yatsa a littafin kubitus ne, a aji ulna. Siririn ƙashin ƙwauri a can perone ne, a nan fibula. Abin bai tsaya ga ƙasusuwa ba, domin jijiyoyi da tsokoki da yawa daga ƙashin da suke bi suka samo suna, saboda haka ƙashi ɗaya idan ya sake suna sai ya ja wasu abubuwa biyar ko shida.

Na yi niyyar mayar da littafin, amma yayarmu ta hana. Ta ce: "Ƙanwata, ranar da kika shiga asibiti za ki tarar manyan ma'aikata da tsofaffin sunayen suke magana, kuma ba wanda zai tsaya ya fassara miki." Na karɓi shawararta. Yanzu kowane zane na yi, sabon suna da baƙin biro nake rubuta shi, tsohon kuma da fensir a ƙarƙashinsa.

27 ga Oktoba

Kwarangwal ɗin ɗakin gwaji a lokacin darasi ake ganinsa, ni kuwa na lura cewa hoton takarda ba ya nuna mini zurfin rami ko kaifin tudu a jikin ƙashi. Sai na je wurin kawuna, wanda mahauci ne, na roƙe shi ƙasusuwan tunkiya waɗanda ba a sara ba. Ya ce: "Ɗiyata, in don karatu ne, ki zo da sassafe kafin a fara sara, domin da zarar gatari ya hau ƙashi ba shi da sauran amfani gare ki." Ya ba ni ƙafar gaba ɗaya tun daga allon kafaɗa har kofato, da wuya guda, bai karɓi ko dala ba. Na tsaya na kalli yadda yake raba gaɓa: ba ya neman ta da ido, babban yatsa yake dannawa ya ji inda ƙashi biyu suka haɗu, sannan wuƙa ta shiga ba tare da ta taɓa ƙashi ba.

Aikin tsabtace su ne ya lalace. An ba ni shawarar in dafa su sosai, sannan in jiƙa su cikin ruwan jabel su yi fari. Da na sauke tukunya sai na tarar kawunan dogayen ƙasusuwan sun rabu da gangar jikinsu, kowanne ya faɗo daban, an bar wani fili mai gurzo-gurzo a inda ya fita. Waɗanda suka kwana cikin jabel kuwa sun yi fari ƙal, amma bayansu ya koma kamar alli, yana zuba idan an murza, kuma ƙananan tuddai da tsokoki ke kamawa, waɗanda saboda su na nemo ƙashin, duk sun goge. Itace na sefa 500 da jabel na sefa 300 sun tafi a banza, kuma Inna ta ce kada tukunyar girkinta ta ƙara ganin wannan aiki.

Na kai ɓaraguzan wurin mataimakin malami. Ya ce tunkiyar ƙarama ce, kuma abin da na gani shi ne faifan girma, wato guringuntsin da ke tsakanin kan ƙashi da gangarsa, inda ƙashi yake ƙara tsawo. Zafin dafuwa ya narkar da shi, shi ya sa kan ya faɗi. A jikin mutum ma haka yake. Waɗannan faifai suna rufewa ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙarshen balaga, na ƙarshensu shi ne na kan klabikula, wato ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, ta wajen ƙirji, wanda sai an haura shekara 20 yake rufewa. Karayar da ta ratsa faifan girma a jikin yaro tana iya sa ƙashin ya tsaya ko ya girma a karkace. Shafin da ke bayanin haka na karanta shi tun makon jiya, amma sai yau na fahimce shi.

Ya kuma ja mini kunne a kan abin da dabba ba za ta koya mini ba. Tunkiya ba ta da klabikula, haƙarƙarinta 13 ne a kowane gefe, na mutum 12, kuma ƙasusuwan da ke tafin hannunmu a wurinta sun narke sun zama dogon ƙashi ɗaya. Wuyanta dai ƙashi 7 ne kamar namu. Ya tuna mana cewa Galen, wanda malaman Larabawa ke kira Jalinus, dabbobi ya fi feɗewa a ƙarni na 2, ya ɗora abin da ya gani a kan mutum, aka yi ta bin sa fiye da shekara dubu, har Vesalius ya fitar da littafinsa a 1543 bayan ya feɗe gawar mutum da hannunsa, ya nuna misali cewa muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba. Kawu ya yi alkawarin nemo mini tsohuwar tunkiya wadda ta gama famfara.

30 ga Oktoba

Na sayi intanet na jika 2, na sauke wata manhajar salula mai nuna jiki ta kowane gefe. Tana da amfani wajen juya ƙashi, amma tana cin batir ƙwarai. An gama gaɓar kafaɗa.

5 ga Nuwamba

Mun shiga saƙar jijiyoyin laka ta hannu, wadda ɗaliban shekara ta biyu suka daɗe suna tsoratar da mu da ita. Saiwoyi 5 ne suke fitowa daga laka, huɗu daga wuya, na 5 zuwa na 8, ɗaya daga farkon ƙirji. Suna haɗuwa su zama kututture 3, kowane kututture ya rabu biyu, gaba da baya, su zama 6, su sake haɗuwa su zama igiya 3 kewaye da jar jijiyar hammata, sannan daga nan manyan jijiyoyi 5 su fita zuwa hannu. Tsarin kamar kitso yake, inda silin da ya faro daga dama sai a same shi a hagu bayan an saƙa.

Zane a takarda bai zauna mini ba, saboda haka mu biyar da muke bita tare muka sayi zaren saƙa launi biyar da kwali, kasona sefa 650. Kowace saiwa muka ba ta launinta, muka saƙa su a kan kwalin yadda suke a jiki. Ta haka idan aka kama jijiyar radiyal, ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin nan 5, a ƙarshe, ana ganin launukan da ke cikinta, ana kuma iya bin kowanne har tushensa. Amfanin wannan ya fito ne da muka zo kan jaririn da kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa aka ja kansa da ƙarfi: saiwa ta 5 da ta 6 ne suke miƙewa ko su tsinke, sai hannun ya saki a gefe, ya juya ciki, yaron ba ya iya ɗaga kafaɗa ko lanƙwasa gwiwar hannu, amma yatsunsa suna motsi. Mun cire zare biyu na sama daga kwalin, muka duba jijiyoyin da suka rasa launi, sai ga alamomin nan sun fito da kansu ba tare da hadda ba. Yayarmu ungozoma ta ce ta ga irin waɗannan jarirai, kuma da yawansu suna samun sauƙi a watannin farko idan ana motsa musu hannun.

9 ga Nuwamba

Ƙashin damtse, wato humerus, wurare uku ne jijiyar laka take manne da shi. A wuyansa ta sama akwai jijiyar hammata, a tsakiyarsa ta baya akwai radiyal cikin wani kwari da ya kewaya shi, a ƙasa kuma bayan tudun ciki na gwiwar hannu akwai jijiyar ulna, wadda idan mutum ya bugi wurin yake jin tsirr har ƙaramin yatsa. Wanda ya karye a tsakiyar damtse, kamar yadda ake yawan gani a haɗarin kabu-kabu, ana cewa ya ɗaga wuyan hannunsa. In ya kasa, an san radiyal ta taɓu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karayar yara daf da gwiwar hannu, wadda ke faruwa idan yaro ya faɗo daga itace ko katanga ya dafa ƙasa da hannu. A gaban wurin nan jar jijiyar damtse da jijiyar laka mai suna midiyan suke wucewa. Idan ƙashin ya danne jar jijiyar, ko kuma aka ɗaure hannun tamau da karare alhali yana kumbura, jini ba ya isa tsokokin da ke lanƙwasa yatsu, kuma tsoka ba ta jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i. Ta mutu, ta ƙanƙance, yatsu su dunƙule har abada. Likitan Jamus Volkmann ne ya siffanta wannan a 1881. Alamarsa ta farko ciwo ne mai tsanani da ya wuce na karaya, musamman idan an miƙe wa yaron yatsu. Ba na raina maɗoran gargajiya, domin mutanen ƙauyukanmu da yawa su ne kaɗai suke da su kusa, amma ina ganin wannan alama ɗaya ya kamata kowane maɗori da kowace uwa su san ta, su kuma san cewa kwance ɗaurin da garzayawa asibiti ba ya jiran wayewar gari.

18 ga Nuwamba

Karatu ya tsaya mako guda. Ƙanena ɗan shekara huɗu ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har aka ba shi gado, kuma ni ce na zauna da shi da rana domin Inna ta sami hutu. Alhamdu lillahi ya warke. Darussan tsokokin gaban hannu da na tafin hannu duk sun wuce ni, kuma su ne mafi yawan sunaye a cikin zangon. Na yi fotokopin kayen wata ƙawata a kan sefa 900, amma zanen da wani ya yi ba ya shiga kai kamar wanda mutum ya yi da hannunsa.

A can na ga abin da ya shafi darasin da ke gabanmu. Da za a yi wa wani yaro allura a tsoka, ma'aikaciyar jinya ta yi masa a gefen cinya ta gaba, kakarsa kuwa ta tambaya don me ba a yi a ɗuwawu ba kamar yadda aka saba. Ta amsa mata da ladabi: "Iya, akwai wata babbar jijiya a wurin, kuma jikin yaro ƙarami ne, in allura ta same ta ƙafar tana iya shanyewa." Da dare na buɗe littafi. Jijiyar siyatik ce, mafi kauri a cikin jijiyoyin laka na jiki, wadda ke fitowa daga ƙugu ta ƙarƙashin tsokar piriformis ta gangara bayan cinya. Idan za a yi allura a ɗuwawu, ana raba shi gida huɗu ne a yi a gidan sama na waje, nesa da hanyarta. Akwai yara a unguwanninmu masu jan ƙafa waɗanda ake cewa allura ce ta shanye su, kuma a yanzu na san hanyar da hakan ke bi ya faru. Na kuma ga likita yana danna gefen hagu na cikin ƙanena yana neman saifa, wadda mazauninta ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa na 11 ne, ba a kuma jin ta da hannu sai ta kumbura.

23 ga Nuwamba

Sakamakon gwajin hannu ya fito, na sami 8 bisa 20. Tambayoyin saƙar jijiyoyi da na damtse na amsa su duka, amma fiye da rabin makin a kan gaban hannu da wuyan hannu yake. An nemi abin da ke ratsa ramin wuyan hannu, wato agara 9 da jijiyar midiyan, na kawo agarar na ƙara da jijiyar ulna, alhali ita ta sama take bi, ba ta shiga ramin. An kuma nemi dalilin da ya sa karayar skafoyid, ɗaya daga cikin ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, take wuyar warkewa, ban amsa ba; dalilin shi ne jininsa daga ƙarshensa na ƙasa yake shiga ya koma sama, saboda haka idan ya karye a tsakiya ɓangaren sama yana iya rasa jini ya mutu.

Na sami malami bayan darasi. Na ce: "Malam, ta yaya zan rama abin da ya wuce ni ba tare da na saki ƙafa ba?" Ya ce kada in haddace tsokokin ɗaya-ɗaya, in karkasa su gida-gida, domin tsokokin gida ɗaya galibi aikinsu ɗaya ne, jijiyarsu ma ɗaya: na bayan hannu masu miƙewa duka na radiyal ne, na gaba masu lanƙwasawa na midiyan ne in ban da ɗaya da rabi da ke hannun jijiyar ulna. Ya ce a jarrabawa da a asibiti abin da ake nema shi ne me ke maƙwabtaka da me, domin wuƙa da allura da karyayyen ƙashi maƙwabci suke ji wa ciwo. Na ware sa'a ɗaya bayan sallar asuba domin ramuwar hannu har zuwa ƙarshen zango.

26 ga Nuwamba

Ƙashin ƙugu da gaɓar kwatangwalo da ƙashin cinya. Ramuwar hannu tana tafiya yadda na tsara.

3 ga Disamba

Mun mayar da bitarmu ta zama ta laluben jiki, mata da mata, maza ma sun yi tasu ƙungiyar. Kowace sai ta nemo abu a jikin 'yar'uwarta ta sa masa alama da biro. A matsematsi, inda cinya ta haɗu da ciki, mun ji bugun jar jijiyar cinya, muka tuna cewa jijiyar laka tana wajenta, shuɗiyar kuma tana cikinta. A gefen gwiwa ta waje mun sami kan fibula, inda reshen siyatik yake kewaya wuyan ƙashin daf da fata. Filasta ko ɗauri mai matsewa a nan yana sa ƙafa ta kasa ɗaga yatsunta sama. A gaban tudun ciki na idon sawu mun sami doguwar shuɗiyar jijiyar safena, wadda wurinta ba ya canzawa, shi ya sa ake iya nemo ta a sa ruwa ga wanda gudawa ta tsotse har sauran jijiyoyinsa suka ɓace. Bugun da ke saman tafin ƙafa ya yi mana wuyar samu saboda sanyin hunturu.

8 ga Disamba

Ƙasusuwan tsohuwar tunkiyar da Kawu ya kawo sun fito lafiya. Wannan karon ba a dafa su ba. Na kankare naman, na jiƙa su cikin bokiti mai murfi a bayan garken awaki ina sauya ruwa, har abin da ya rage ya saki da kansa, sannan na wanke su da sabulu na sa su cikin ruwan oksijene. Warin yana da ƙarfi, kuma duk mai son gwadawa ya nemi izinin mutanen gida tukuna. Ruwan oksijene sefa 1,500, safar hannu jika ɗaya, siririyar wayar ƙarfe ta ɗaure gaɓoɓi sefa 500. Na jera ƙasusuwan wuya 7 a kan wayar, kuma a kan na farko da na biyu na ga yadda ɗaya yake juyawa a kan haƙorin ɗayan, wanda shi ne ke ba mu damar girgiza kai.

15 ga Disamba

Mun sayi zuciyar rago haɗe da huhu da maƙogwaro, kasona da kuɗin reza sefa 500. Na roƙi Kawu kada a tsaga zuciyar, a kuma bar manyan jijiyoyin da tsawonsu.

Ɗaki huɗu ne kamar ta mutum. Da muka yanka ta a kwance sai bambancin bango ya bayyana: na ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama wajen sau uku a kauri, domin shi jiki duka yake tura wa jini, na dama kuwa huhu kaɗai. Mun zuba ruwa ta sama muka matsa, muka ga ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa yana tashi ya rufe, siraran zaruruwa suna riƙe da bakinsa kada ya kife baya. Na hagu ganye biyu gare shi, na dama uku. Na hagun ne ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba ya fi lalatawa. A gindin babbar jar jijiya, daf da saman ƙyaurenta, mun sami ƙananan ƙofofi biyu inda jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta suke farawa, muka zura tsinke muka bi su.

Bangon da ya raba ɗakunan ƙasa mun duba shi da kyau, babu ko ƙofa ɗaya. Galen ya ce akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, amma Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ce babu su, kuma dole jini ya bi ta huhu kafin ya isa hagu. William Harvey na Ingila ne ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628.

18 ga Disamba

Yau hutun ranar Jamhuriya ne, na yi amfani da shi a kan huhu da bangon ƙirji. Huhun da muka saya mun hura shi da famfon keke a ranar, ya tashi ya yi ja-ja, da aka saki ya koma da kansa. Rabe-rabensa ba irin na mutum ba ne, saboda haka a nan littafi na bi: huhun dama kashi 3, na hagu 2. Zoben guringuntsin maƙogwaro ba su rufe ta baya ba, inda hanyar abinci take jingine. Maƙogwaro yana rabuwa biyu a daidai tudun ƙashin ƙirji inda haƙarƙari na 2 yake kamawa, kuma reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya fi miƙewa ƙasa, shi ya sa ƙwayar gyaɗa idan ta sarƙe yaro galibi dama take faɗawa. A garin gyaɗa irin namu wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Jijiyoyin da ke tsakanin haƙarƙari a ƙarƙashin kowane ƙashi suke ɓuya, don haka mai zuƙe ruwa daga ƙirji ta saman haƙarƙarin ƙasa yake shigar da allura.

28 ga Disamba

Na sabunta intanet, jika 2. Bitar gadon baya: 7 na wuya, 12 na ƙirji, 5 na ƙugu, sai waɗanda suka narke a ƙasa. Laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba. A jikin baligi tana tsayawa ne wajen ƙashin ƙugu na 1 zuwa na 2, a jariri kuwa ta ɗan fi haka sauka. Idan aka ja layi tsakanin tuddan ƙugu biyu, yana ratsa wajen ƙashi na 4, kuma a nan ake ɗiban ruwan laka ba tare da an taɓa lakar ba. Nijar tana cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma lokacinsa daga hunturu ne zuwa bazara, da ruwan laka kuwa ake gano shi, saboda haka wannan layi za mu neme shi da hannunmu tun shekarunmu na farko a asibiti.

11 ga Janairu, 2025

An yi jarrabawar ƙarshen zango, rubutacciya da ta baki. A ta baki an miƙo mini ƙashin damtse aka ce in faɗi na dama ne ko na hagu, in nuna inda jijiyoyi suke manne da shi, in kuma faɗi abin da zan duba ga wanda ya karye a kowane wuri. Na amsa. A rubutacciya tsokokin tafin ƙafa sun ba ni wahala, domin ramuwar hannu ta cinye lokacin da ya kamata in ba su. Sakamako sai bayan hutu.

Jimillar abin da na kashe a zangon sefa 15,050 ne, ban da kuɗin kabu-kabu. A cikin hutun zan zana tafin ƙafa bene-bene har huɗu, in kuma fara ƙoƙon kai da ƙofofinsa da jijiyoyin kai 12 kafin a koma aji. Na roƙi Kawu kan tsohon rago wanda ba a fasa ba, kuma tun da jiƙonsa zai ɗauki makonni, gobe zan sa shi a ruwa. Mu biyar mun amince kowa ta riƙa ajiye sefa 500 a mako domin mu sayi sabon littafin hotuna mai sunayen yanzu, na yayarmu kuma in mayar mata da shi a ƙarshen wata.